Gayyar Onarabul

Ranar da rediyo ya ce soja sun karɓi mulki sun rushe majalisa, matan unguwa suka yi ta shigowa yi mini jaje. Na karɓa da irin fuskar da ta kamata, amma Allah ya sani, a raina hamdala nake yi. Shekara huɗu da 'yan watanni na yi ina auren mutumin da ba nawa ba.

Kafin siyasa ta ɗauke shi, maigidana malamin firamare ne a Kusada. Yakan tafi aiki a kan keke, ya dawo garinmu Mawashi da la'asar ya kama hauya kamar kowa. Da aka ce za a koma mulkin farar hula, dattawa suka ce shi ya iya Turancin da za a saurara a Kaduna, suka tsayar da shi, ya kuwa ci. Daga ranar Malam ya koma Onarabul, zaurenmu ya koma tasha. Zamanin kuɗin mai ne, kowa ya yi imani babu abin da gwamnati ta rasa. Wannan takin zamani yake so, wancan rijiyar burtsatse, wani aikin masinja yake nema wa ɗansa, wani kuwa matarsa ce ta yi yaji yake so Onarabul ya sa baki. Duk wanda ya zo sai ya ci tuwo, kuma ni ce mai tuƙawa.

Ba zan ce bai yi aiki ba. Rijiyoyin da ya kawo har yau ana sha. Amma abin da mutane suka riƙe a kansa shi ne maganar burtali, wato hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki su je mashaya. A da, manomi lallaɓa Bafulatani yake yi ya zauna masa a gona da rani saboda kashin shanu. Da takin buhu ya zo, sai aka ga ba a bukatar kowa. Wannan ya ci taku biyu na burtali, wancan ya ci uku, har hanyar ta tsuke, saniya ba ta wucewa sai ta taɓa shukar wani. Aka fara sare-sare. Arɗo, shugaban Fulanin da ke bayan garinmu, ya zo zaure sau uku. Malam ya kai maganar majalisa, masu awo suka zo, aka kakkafa turakun siminti a kan tsohuwar iyaka.

Wanda turakun suka fi yanka shi ne wan Malam, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda duk muke kira Yaya. Gonar mahaifinsu ce aka raba musu biyu, duka a bakin burtalin, don haka tamu ma an yanke. Yaya bai duba wannan ba. Ya rantse a bainar jama'a sai ya tumɓuke turakun nan da hannunsa, ya kuma daina taka gidanmu. Shekara uku, in sun haɗu a masallaci, sannu da sannu ce kawai.

Bayan juyin mulki aka kira Malam Kaduna ya amsa tambayoyi. Ya yi kwanaki, ba a same shi da komai ba, ya dawo a motar haya da jakarsa ɗaya, don motar gwamnati an karɓe. Zaure ya zama wurin kwanan kaji. Ni dai na huta, har na fara yin ƙiba. Shi kuwa sai ramewa yake yi. Yakan zauna a ƙofar gida da carbi, in ya ga mutum daga nesa ya gyara zama, sai mutumin ya saki hanya ya bi ta bayan masallaci. Ba kujerar ce ke cin sa ba, na san mijina. So yake ya san ko har yanzu yana da mutane a garin da aka haife shi.

Damina ta faɗi, muka yi shuka. Gonar ta sha hannun 'yan ƙodago shekara huɗu, ga shi yanzu babu albashin ɗaukar su, ciyawa ta taso ta fi geron tsawo. Wata rana bayan azahar ya ce mini zai kira gayya.

A wurinmu, in za ka yi gayya sai ka rarraba goro, ka kira makaɗi, matarka ta dama fura ta tuƙa tuwo, maza su taru su nome maka gona a yini guda. Amma akwai ƙa'ida. Kunyar farko, layin shukar da ke bakin gona, ta babban gida ce, wato wanda ya girmi kowa a gidan. 'Yan gayya a ƙofarsa suke taruwa su rako shi, kuma babu wanda zai sa hauya sai ya fara.

Na ce, “Malam, ka san fa Yaya ba shi zuwa.”

Ya ce, “Na aika mai da goro.”

“Ya amsa?”

“Bai dai maido ba.”

Ban gamsu ba. Ana gobe gayya na yafa mayafi na tafi gidan Yaya, Malam bai sani ba. Na same shi a tsakar gida yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce gayyar gobe ce ta kawo ni.

Ya ce, “Shi ya aiko ki?”

“Bai san na hito ba, Yaya.”

“To mi kike so in yi? Sa'ad da anka kafa mani siminti cikin gona, an yi shawara da ni?”

Da ina da hankali, haƙuri zan bayar in tashi. Amma bakina ya daɗe yana ja mini. Na ce, “Gonarka ce anka yanke, Yaya, ko hanyar shanu ce kunka cinye? Shi ma ai an yanke mai, bai yi kuka ba. Da shina bisa kujera ba ka zo ka gaya mai ba, sai yanzu da babu kujera za ka bari gari shi yi mai dariya?”

Bai ɗago ya dube ni ba. Ya ce, “Tashi ki koma ɗakinki.”

Na tashi na dawo gida. Na tabbata in ma da yana da niyyar zuwa, to na kashe ta. Ban gaya wa Malam ba, tsoro nake ji.

Da gari ya waye, ni da maƙwabtana biyu muka dama fura da nonon da matan ruga suka kawo, muka ɗora tukwanen tuwo. Da hantsi na ɗauki ƙwaryar farko na kai gona da kaina, don zuciyata ba za ta bar ni in zauna ba. Na tarar da makaɗi a gindin tsamiya, ganga a cinya, yana hamma. Sai Fulani huɗu da Arɗo ya turo, da 'yan hauyoyinsu. Ban da su da Malam babu kowa. Na tuna tukwanen da na baro a kan wuta, na ce yau sai dai mu ba awaki.

Malam ya daɗe a tsaye yana duban hanyar gari. Can ya tuɓe riga, ya ɗauki hauya. Na zaci zai fara daga baki, tunda mai layin ya ƙi zuwa. Sai ya tsallake kunyar farko ya kama ta biyu, Fulanin suka jeru a gefensa. Hannunsa ya yi laushi, kafin ya kai tsakiya ya tsaya ya duba tafinsa sau biyu. Suka kai ƙarshe, suka juyo, suka sake komawa. Gona ta fara yin fes, sai layi ɗaya tal a bakin turakun siminti, ciyawa tsaye a kansa.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da na hango Yaya a cikin burtali, hauya a kafaɗa, shi kaɗai. Tasa gonar ya nufa, ko kallon wajenmu bai yi niyyar yi ba. Da ya zo daidai layin nan sai ya rage tafiya, ya tsaya. Ya dubi ciyawar tun daga wannan kai har wancan. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, don kada ya gan ni ya tuna jiya.

Ya ɗaga murya ya ce, “Kai! Wagga fa, wa ka bar ma?”

Malam ya miƙe, zufa na zuba. Ya ce, “Tana da mai ita, Yaya.”

“In bai zo ba fa?”

“Sai ta tsaya hakanan har kaka.”

 Yaya ya yi tsaki, ya ce, “Dubi yadda kake riƙon hauya, sai ka ce alƙalami.” Ya tsallako cikin gona. Ya juya wajen makaɗi ya ce, “Kai kuma barci anka kira ka yi?”

Ganga ta tashi. Ashe mutanen gari tun safe suna zaune a ƙofar Yaya da hauyoyinsu. Ya fito ya wuce su ya kama hanyar tasa gonar, su kuma suka rasa yadda za su yi, ba su iya zuwa ba, ba su iya watsewa ba. Da suka ji kiɗa sai ga su a guje, har da waɗanda turakun suka yanka, har da masu bi ta bayan masallaci. Na zauna daɓas a gindin tsamiya na yi kuka, ban damu da wanda ya gani ba. Fura ta ƙare tun kafin azahar, na aika a sake jiƙa gero, kuma ban taɓa jin daɗin ƙarewar abinci irin na ranar ba.

Da na kai wa Yaya tasa ƙwaryar, na durƙusa zan ba da haƙuri, ya ce, “Ke dai bakinki ya hi hauyar mijinki kaihi. Miƙo mani rigata.”

Na waiga ina neman inda ya aje ta. Tana rataye a kan turken siminti.