Tsohon Ƙaramin Ministan Kifi

A unguwar Hulme, can ƙasar Turawa, muke zaune gida ɗaya, ni da wani mutumin Gusau mai karatun injiniya. Ba na ƙaunarsa. Kullum ya gan ni da littattafaina na ilimin siyasa sai ya ce, "Malam, ka ci takarda ka ƙoshi, duniya sai da hanya."

An hana shi sabunta biza, aka ba shi 'yan kwanaki ya nemi a sake duba takardunsa. Fom ne da zan iya cike masa kafin shayi ya huce. Bai tambaye ni ba. Wai ya ji labarin wani tsohon minista ɗan Scotland da ke koyarwa a Birmingham duk ranar Laraba, kuma ai waya ɗaya minista zai buga magana ta mutu.

Na san tarihin mutumin sarai. Ƙaramin minista ya yi a gwamnatin yankinsu, mai kula da kamun kifi, ba abin da ya haɗa shi da biza. Shekara biyu ya yi aka sauke shi, zaɓe ya zo aka kayar da shi. A gida wanda ya taɓa minista ya taɓa ke nan, har ya mutu ana buɗe masa ƙofar mota. A nan ko maƙwabcinsa bai damu ba. Na sani, na ja bakina na yi shiru, don ina so in ga ƙarshen hanyar.

Mako guda mutumina ya ɓata yana neman kilishi da hula zanna da zai kai wa minista gaisuwa. Ni na raka shi. Muka tsaya a bakin titi a unguwar Selly Oak ta Birmingham yana ta leƙen manyan motoci, sai ga dattijon ya sauko daga bas, jaka a baya, takalmi duk ruwa.

Mutumina ya durƙusa har ƙasa, a gaban ɗalibai. "Ranka ya daɗe, Honourable Minister, sir."

Dattijon ya waiga bayansa ya ga ko da wani ake. Ya saurare shi tsaf, sannan ya ce shi yanzu ko tarar fakin ba zai iya sa a yafe wa kansa ba. Ya tambayi ranar da wa'adin zai cika. Aka duba wasiƙar hana bizar, ashe jiya ne. Da dattijon ya ji abin da nake karanta, ya juyo gare ni ya ce, "Kai da kake karanta siyasa, ba ka gaya masa ba?"

Dariya na yi. Wallahi a lokacin daɗi na ji.

Ranar da mutumina zai koma gida na kai masa akwati tashar jirgin ƙasa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Duk gidanmu kai kaɗai ka bi ni Birmingham," in ji shi. "Na gaya wa Hajiyarmu, kullum tana sa ka a addu'a."

Na ce amin.