Libarbar Baba da Kyarkecin Bayan Uhudu

A wata safiyar Alhamis cikin sanyin shekarar 1399 ta Hijira, ina da shekara tara, na kora awakinmu zuwa wani kwari da ke bayan dutsen Uhudu a Madina, ƙanwata Sa'adatu tana biye da ni da gorar ruwa. Mun zauna muna 'yar carafke da tsakuwa, sai awakin suka watse gaba ɗaya. Da na ɗaga kai na ga kyarkeci mai launin toka ya cafke 'yar akuya a wuya, tsakaninsa da Sa'adatu bai fi tsawon tabarma biyu ba. Ya tsaya ya kalli yarinyar, sannan ya juya ya haye dutse da abin da ya kama.

A lokacin Baba yana aiki a gonar dabino, mu kuma muna zaune a gidan laka a gefenta. Kullum kafin in tafi makaranta sai na tatsi awaki, in na dawo in yanko musu ciyawar barsim, in tsince ƙwallon dabinon da Inna take jiƙawa ta daka musu. Awakin nan su ne nononmu, su ne layyarmu, ba yadda za a yi a daina kai su kiwo. Da Baba ya ji labari ya ce zai nemi bindiga. Inna ta ƙi. Ta ce kyarkeci a dutse yake kwana, bindiga kuwa a ɗakinmu za ta kwana, ga yara masu taɓe-taɓe. Sun yi kwanaki maganar ba ta ƙare ba. Baba ya tambayi limamin masallacinmu, saboda alfarmar Madina da hana farauta a cikinta, liman ya ce dabba mai cutarwa hukuncinta daban. Daga nan ya yi ta zirga-zirga har ya samu ruksa, wato izinin hukuma.

Abokinsa Ammu Salihu, Bahaushen Sudan mai gyaran injin ban ruwa, shi ya rako mai sayar da makamai gonar da bindigogi biyu. Ɗaya ƙarama ce, sumul, tana shiga aljihun riga. Ɗayar libarba ce mai dogon baki, wadda suke kira musaddas, nauyinta kamar taɓarya. Ammu Salihu ya ce a ɗauki ƙaramar, ta fi sauƙin ɗauka, amma mai sayarwa ya ce harsashinta fusata kyarkeci kawai zai yi. Baba ya duba su sau da yawa, ya tabbatar babu komai a ciki, sannan ya kira ni a gaban Inna ya ce in ja kunamar kowacce, bakin yana kallon ƙasa. Ƙaramar ta yi ƙas da yatsa ɗaya. Babbar kuwa na sa hannu biyu, na cije leɓe, ko motsi ba ta yi ba.

"Babbar nan za mu ɗauka," in ji Baba, yana kallon Inna. "Harsashin kuma a wurinki zai zauna."

Inna ba ta ce ta yarda ba, amma ta karɓa ta kulle a akwatinta, ta rataya makullin a wuya. Duk safiyar kiwo sai Baba ya tsaya a bakin ɗaki ta miƙo masa harsashin, sannan ya raka mu. Bayan wasu watanni kyarkecin ya dawo da la'asar, Baba ya harbe shi, ƙarar ta yi ta yawo tsakanin duwatsu. Makiyaya suka so a rataye shi a bishiya kamar yadda suka saba, Baba ya ƙi, ya haƙa rami ya binne shi. Ya ce mana, "Yunwa ce ta kawo shi, ba ƙiyayya ba."

Yanzu gidaje da rumfunan masu ziyara sun cinye gonar da kwarin. Jikokina in na yi musu Hausa da Larabci suke amsawa, kuma ba su taɓa ganin an tatsi akuya ba. Babu sauran abin tsoro a wurin, na kuwa gode wa Allah. Amma wani lokaci ina kewar zamanin da dutsen nan ba namu ba ne mu kaɗai.