Fiorenza da Zinariyar Cikin Kujera

Shekara talatin da ɗaya Fiorenza Tarchiani ta yi tana gyaran kujeru a wani ɗan shago a unguwar Santo Spirito, cikin birnin Florence na ƙasar Italiya. Kayan tarihi ba su taɓa ɗaɗa ta da ƙasa ba. Takan ce abin da ba a zama a kansa, babu ruwanta da shi.

Wata safiya aka kawo mata kujerar Ermellina, wata tsohuwar malamar makaranta. Tana farke ƙasan kujerar sai wani abu ya faɗo, ya gangara ƙarƙashin tebur. Da ta ɗauko, ashe tsabar kuɗi ce ta zinariya, siririya, faɗinta bai fi farcen babban yatsa ba. A fuska ɗaya furen lili, a ɗayar Waliyyi Yohanna tsaye da sandarsa.

Ko almakashi ba ta ajiye ba, ta tsallaka titi wurin Duilio maƙerin zinariya, abokin tsokanarta.

"Maƙwabciya, garin kofi kika zo roƙo kuma?"

"Rufe baki ka buɗe ido, tsoho."

Duilio ya manna gilashin ƙara girma a ido, ya duba ta. Can ya ce, "Filorin ne, kuɗin Florence na dā, kuma na gaske. Ya haura shekara ɗari biyar." Ya miƙa mata gilashin. "Dubi gefen kan waliyyin."

Wani ɗan kifi ta gani, bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma har ido da wutsiya gare shi.

"Tambarin shugaban gidan buga kuɗi ne na lokacin," in ji Duilio. "Da hannu aka sassaƙa shi a kan ƙarfe, kuma a juye. Sai a ɗora zinariya, a sakar mata guduma."

"A juye? Wannan ɗan mitsitsin?"

A ranar ta mayar wa Ermellina kujerarta da zinariyar, tsohuwar ta yi ta dariya tana cewa kakanta ne ya ɓoye ta a ciki. Amma kifin nan ya hana Fiorenza sukuni. Ta fara bin kasuwannin masu tara tsofaffin kuɗi, yau Bologna, gobe Verona, da gilashi rataye a wuya. Filorin uku ta mallaka, duk sun suɗe, amma ta san hannun da ya sassaƙa kowanne: wannan mai gaggawa ne, wancan yana son fito da gemun waliyyi.

Daga nan ta ce Duilio ya koya mata sassaƙa hatimin buga kuɗi.

"A shekara hamsin da takwas? Da wannan hannun naki na buga ƙusa?"

"Shi ɗin dai. Ya fi naka tsayuwa."

Shekara biyu tana ɓata ƙarfe. Ranar da ta gama hatiminta na farko, Duilio ya narka wani tsohon ɗan kunne, ya daddale shi, ya ajiye a gabanta. Mai gasa burodi da mai sayar da jarida suka cika ƙofa. Ta ɗora shi a kan hatimin, ta ɗaga guduma, ta sake ta da ƙarfi.

Furen ya fito ɓaro-ɓaro, sai dai ganye ɗaya ya ɗan karkace. Fiorenza ta ɗaga shi sama tana dariya, ta bi kowa tana nuna masa.

Duilio ya daɗe yana duba shi, sannan ya ce, "Gobe ki zo da wuri. Saura waliyyin, kuma fuska ta fi fure wuya."