Shayin da Hedimasta Ya Kora

Surukina ya daɗe da yin ritaya, amma har yau Hedimasta ake ce masa a layinmu, kuma har yau idan ya yi gyaran murya a falo sai ka ga manya masu gemu suna gyara zama. Ni matar ɗansa ce, gida ɗaya muke, kuma ni ce mai wankin kofuna. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kan harkar shayinsa, ba ji na yi a bakin wani ba.

A da shayi bai dame shi ba. Mama, matarsa, ita ke haɗa masa kowace safiya. Za ta fito daga ɗakinta da wani tsohon gwangwanin madara wanda rubutunsa ya goge, murfinsa ma ba ya kamawa sosai, ta ɗebi cokali guda ta zuba a buta, ta mayar da gwangwanin ɗaki. Shi kuma ya sha yana karanta jarida, ko ɗaga kai ba ya yi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa 'ya'yan mutane tambayoyi, bai taɓa tambayar matarsa sunan ganyen ba, balle inda take saye.

Da Allah ya yi wa Mama rasuwa, ƙanwarta ta zo ta tattara kayan ɗakin aka raba. Ita ce ta fito da gwangwanin ta ajiye mana a kicin, da saura kamar rabi. Safiyar da na fara haɗa wa Baba daga ciki, ya kurɓa, ya ajiye jaridar, ya daɗe yana kallon kofin. Sai ya sa aka kawo masa gwangwanin ya leƙa. A fuskarsa na ga abin da ya gano: abin da ke ciki shi ke nan, kuma wadda ta san inda ake samun wani ta tafi. Tun daga ranar ya ɗaura niyyar sai ya nemo irinsa kafin ya ƙare.

To, da wani ne, sai ya sayi kala biyu ko uku ya gwada, ya haƙura. Amma Hedimasta makaranta ya buɗe.

Maigidana ne ya ja mana, da ya nuna masa yadda ake sayayya ta waya. Kafin wata ya zagayo, mai babur ɗin kawo saƙo ya san ƙofarmu kamar ta gidan ubansa. Baƙin ganye, koren ganye, mai na'a-na'a, mai citta, mai kirfa, mai ɓawon lemo, mai busasshen fure, da wani mai warin hayaƙi wanda ranar da aka buɗe shi maƙwabciyarmu ta leƙo tana tambaya ko wani abu ne ya kama da wuta. Aka kira kafinta ya buga kanta mai hawa uku a falo, daidai inda hoton bikinmu yake, hoton ya koma bayan ƙofa. Hawan sama na masu ƙwazo ne, na tsakiya na masu dama-dama, na ƙasa kuwa na daƙiƙai. Ganye zai iya kwana a sama ya wayi gari a ƙasa, idan ya ba da kunya a gaban baƙi.

Kullum da yamma ake jarrabawa. Masu sa ido su biyu ne, duk tsofaffin abokansa: Mai Aski na bakin layi da Mai Kemis. Ni dai na san fanka da biskit ke kawo su, amma Baba cewa yake suna da harshe. Za a jera fararen kofuna a kan tebur, kowane ganye da nasa, kowane mutum da nasa, ka lissafa da kanka abin da ke jirana a wurin wanke-wanke. Ba sukari, ba madara. Ranar farko da Mai Aski ya miƙa hannu wajen sukari, Baba ya buge hannun da cokali.

"Satar amsa ke nan," in ji shi. "Sukari rufa wa daƙiƙi asiri yake yi."

Sai a kuskure baki da ruwa, a shinshina, a zuƙa da ƙara kamar ana tsotse rariyar da ta toshe. Sannan Baba ya lumshe ido ya yanke hukunci. "Wannan yana da ƙwaƙwalwa, amma ba shi da natsuwa." Ko kuma, "Wannan shigarsa da kyau, ƙarshensa ne babu tarbiyya." Mai Aski, wanda aikinsa ya koya masa yarda da duk wanda ke kan kujera, sai ya gyaɗa kai ya ce wallahi abin da ke bakinsa ke nan. Mai Kemis kuwa duk shayin duniya maganin wani abu yake tuna masa. Mai na'a-na'a maganin tari ne, koren ganye maganin tsutsar ciki, mai furen nan kuma ya rantse ya taɓa sayar da irinsa a kwalba ana shafawa a gwiwa.

Babbar dokar makarantar ita ce ta ƙamshi. Wannan ya koya ne a wayar, kuma ya maimaita mana har muka haddace.

"Ganyen shayi ɓarawo ne. Duk ƙamshin da ya kwana kusa da shi, sai ya sace. Kin ji ko, 'yar nan?"

"Na ji, Baba."

"Maimaita."

Ina uwar 'ya'ya, ina tsaye da tsumman goge tebur, ina maimaita karatu. Aka hana ni soya albasa da yamma. Aka hana maigidana fesa turare a falo. An taɓa mayar da Mai Aski gida ya wanko hannu, saboda ya zo yana ƙamshin man da yake shafa wa mutane bayan aski, kuma bawan Allah ya tafi ya wanko ya dawo don bai gama da biskit ba.

Lokaci-lokaci Baba kan sa a ɗebo ɗan kaɗan daga gwangwanin Mama a dafa, a ajiye a tsakiyar tebur, shi ne ma'aunin da ake gwada saura da shi. Shi kaɗai ke sha. Abokan shinshinawa kawai aka yarje musu, daga nesa.

"Ku ji," yakan ce, murya ƙasa-ƙasa. "Akwai sanyin fure a bayansa. Akwai wani ɗan kaifi mai hawa hanci. Wannan ganyen kan tsauni ne, inda hazo ke sauka da safe. Ba a tallar irinsa a titi."

Daga nan ya yanke cewa Mama ta yi shekaru tana sayen ganye mai tsadar gaske a ɓoye, kuma abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce dama ya sani, matar Hedimasta ba za ta ba shi tarkace ba. Saboda haka duk ganyen da ya ji tsadarsa ta tayar da hankali, shi yake aikawa a kawo. Kowanne ya zo da takardarsa mai sheƙi da labarin dutsen da aka tsinko shi, kowanne ya zauna jarrabawa, kowanne ya faɗi. Wanda ya fi kusa shi ne wani mai fure, ya yi kwanaki a hawan sama, daga baya aka gano yana da rawar kai aka sauko da shi.

Akwai wani da ko hawan ƙasa bai samu ba. Baƙin ganye ne na shagon bakin titi, irin wanda ake aunawa a zuba a jakar takarda, ni na saya don mu sha da yara. Baba ya gan shi a kicin yayin zagayen duba tsabta, ya ce a kawo shi gaba, kowa yana da haƙƙin a gwada shi. Kurɓa ɗaya ya yi ya ture kofin.

"Wannan ba ɗalibi ba ne, ɗan zaman banza ne. Zai lalata min saura. Fitar min da shi daga gidan nan."

Mai Aski ya ce wallahi shi ma ya ji lalacewar. Ni kuwa raina ya ɓaci, don ba a zubar da abin ci a gabana, kuma a kan wannan ganyen na girma ban mutu ba. Kicin ba wurin ɓuya ba ne tunda Baba na shiga bincike. Sai na tuna da kabad ɗin kayan Mama, wanda ya rage kusan fanko, in ban da tsofaffin mayafai biyu-uku da ba wanda ya ɗauka. Na cusa jakar can ƙasa a lungu, na rufe, na ci gaba da harkokina har na manta da ita.

Gwangwanin kuwa yana ta yin ƙasa. Cokali ya koma rabin cokali, rabi ya koma abin da yatsu biyu suka ɗauka. Har ya kai Baba na sa in shanya ganyen da aka riga aka dafa a sake dafawa, shi da ya taɓa yi mana lacca a kan cewa wannan aikin jahilai ne. Wata safiya na same shi a kicin ya kifa gwangwanin a tafin hannu yana bubbuga gindinsa. Ɗan gari ne ya faɗo, wanda ko launin ruwa ba zai sauya ba. Ya mayar da murfin a hankali, ya wuce ni ya fita.

Makaranta ta rufe ba sanarwa. Mai babur ya daina zuwa, ƙura ta hau masu ƙwazo da daƙiƙai baki ɗaya. Baba ya daina karyawa, sai ruwa. Zai zauna da jarida a cinya, shafi ɗaya tun safe har rana ta take. Na soya albasa da yamma da gangan, na bar ƙofar kicin a buɗe, ko zai yi faɗa, bai ko juyo ba. Gaskiya tausayinsa ya kama ni, har na riƙa jin kewar tulin kofunan da na sha tsine wa a zuci.

Ana haka wata yamma Mai Aski da Mai Kemis suka zo duba shi. Dole a ba baƙi wani abu, ni kuma ba ni da ƙarfin halin taɓa 'yan kan kanta ba da izini ba. Sai korarren nan ya faɗo min a rai. Na ɗauko shi daga kabad, na dafa, na kawo da sukari a gefe, tunda yanzu ba mai bugun hannu.

Ban gama ajiye tiren ba Baba ya ɗago kai. Hancinsa ya buɗe. Ya miƙa hannu ya ɗauke kofin da Mai Aski ke shirin kaiwa baki, ya kurɓa, ba zuƙa, ba kuskure baki, ba lumshe ido. Ya juyo ya dube ni.

"'Yar nan, ina kika samo shi?"

Na ce, "Baba, wanda ka kora ne. Na shagon bakin titi."

"Ƙarya ne."

"Wallahi shi ne. Ban zubar ba, a kabad ɗin Mama na ajiye."

Ya tashi ko takalmi bai sa ba, muka bi shi a baya kamar 'yan rakiya. Bai shiga ɗakin Mama ba tun da aka raba kaya. Ya tsaya gaban kabad ɗin, ya ja ƙofar. Ƙamshin ya fito ya same mu: sabulun wankan da take jerawa tsakanin kaya, ɗan turarenta da ya kama katako, da waɗannan fararen ƙwayoyin da ake sawa don kyankyasai.

Mai Kemis ya shinshina irin ta masu sana'a. "Ai wannan kafur ne, Hedimasta. Ga kaifin naka mai hawa hanci. Furen kuma sabulu ne, ina sayar da shi."

"Ni dama tun farko na so in ce kamar sabulu-sabulu," in ji Mai Aski.

Ba wanda ya kula shi. Baba na kallon lungun ƙasa, inda tsatsar gindin gwangwani ta bar zagaye a kan katako, dab da inda na cusa jakata.

"A nan take ɓoye shi," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Malamaina ne. Da sun zo gidan nan sai sun share kicin tas. Ta ce in ba ta ɓoye ba, ba zan samu na safe ba." Ya shafa mayafin da ke rataye. "Duk shekarun nan ƙamshin kayanta nake sha, ina karanta jarida."

Na ɗauka zai ji kunyar tsaunin da hazon da ya yi ta ba mu labari. Ko a jikinsa. Ya aike ni kicin na ɗauko jakar da tsohon gwangwanin, ya juye ganyen a ciki, ya durƙusa da ƙyar ya ɗora shi daidai kan zagayen tsatsar. Mai Kemis ya fara bayanin cewa kafur ba abin sha ba ne, kuma ƙamshi irin wannan in ana yawan buɗewa yakan gushe, tunda mai sabunta shi ba ta nan. Rabin farko Baba bai ji ba. Rabin ƙarshe kuwa ya ji sarai, don na ga yadda ya waigo ya dubi ƙofar kabad ɗin da ke wangale tun ɗazu, mu huɗu muna tsaye muna shaƙa.

"Ku fita," ya ce wa abokansa. Sannan ya kama hannuna ya miƙe. "Rufe, ɗiyata. Rufe da sauri, kada ya ƙare."