Layin da Ya Ƙi Tashi

Shekara goma sha huɗu Uwar-ɗaki ta yi tana fama da furotin guda a ɗakin gwaje-gwaje na hawa na biyu, kusa da firjin da ba ya daina gurnani. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan, don makullai a hannunta suke. Aikinta ta tace furotin, ta ɗura shi a na'ura, a yi ta dumama shi sannu a hankali. Furotin na kirki a naɗe yake. In zafi ya kai masa iya wuya sai ya warware, layin kan allo ya yi tozo. Nata kuwa a kwance layin yake tafiya, ko gezau.

"Baiwar Allah, ko dai hannunki ne?" in ji Farfesa, shugaban ɗakin. Da dariya ya faɗa, amma magana zarar bunu ce.

Ta canza ruwa, ta canza safar hannu, ta daina shafa mai har yatsunta suka tsattsage. Duk ƙarshen mako sai ta rubuta a littafin aiki: ya lalace. A gida ma in miya ta tsinke, ƙanwarta kan ce, "Yaya, hannun ne dai." Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Shekarar da aka ƙara wa wadda ta koya wa aiki girma aka tsallake ta, sai ta kwashe littattafanta tara ta cinna musu wuta a tsakar gida. Kunyarsu take ji.

Wata Litinin Farfesa ya dawo daga taro, ko jaka bai ajiye ba ya faɗo ɗakin.

"Ashe ba lalacewa yake ba," ya ce. "Haka aka halicce shi, ba shi da tsayayyar siffa, sai ya haɗu da wani furotin abokin aikinsa yake naɗewa. Abin da ba a naɗe ba, me zafi zai warware? Duk shekarun nan daidai kike aunawa. Kawo tsofaffin littattafan, su ne hujjarmu, sunanki zai zo a gaba a takardar da za mu wallafa."

Ba ta yi murna ba, ba ta yi fushi ba. Kujera ta jawo ta zauna.

"Ranka ya daɗe, sai dai mu sake daga farko," ta ce.

Wata bakwai ya rage mata ta yi ritaya.