Kawu Manu da Tayar da Ba Ta Faci

Kawu Manu mai faci ya fi shekara talatin a gindin bishiyar bedin da ke bakin hanyar ƙauyenmu, can bayan Gozaki. Ɗan makiyaya ne. Shanun gidansu sun ƙare tun yana saurayi, ciwo ya ci rabi, rabon gado ya watsa sauran, sai ya jingine sanda ya ɗauki famfo. Kayan aikinsa famfon nan ne, da kwanon ruwa, da ƙarafa biyu na ɓare taya, da gwangwanin sholisho. Ruwan ma bai cika damuwa da shi ba, kara tif ɗin taya yake yi a kumatu ya ji inda iska ke fita. Magana kuwa, sai ka yi goma bai yi ɗaya ba.

Shi ya riƙi matata Raudatu tun rasuwar mahaifinta, don haka surukina ne, ina jin nauyinsa. Sai dai ni Mannir Allah ya jarrabe ni da cutar sanin komai. Shekara biyu kacal na yi ina acaɓa a Kaduna, na dawo da babbar waya da ra'ayi a kan kowane abu.

Hanyarmu zuwa titi ƙaya ce ke mulkinta. Manoma na shinge gonaki da reshen ƙaya saboda dabbobi, iska da kofato su watso ta kan hanya. A haihuwar Raudatu ta farko tayata ta yi faci a tsakiyar daji, ta haihu a gindin ɗorawa, matan da ke roron gyaɗa suka kewaye ta da zannuwa. Ni ina can nesa riƙe da babur kamar wanda aka ba ajiya. Da ta sami ciki na biyu, a asibitin Malumfashi aka ce jininta ya hau, kada a kuskura ta haihu a gida, balle a hanya. Tsoro ya kama ni ƙwarai, ban dai gaya wa kowa ba.

A wayar nan na ga Turawa suna sa wa babur tayar mota, irin wadda ko iskarta ta fita za ta ci gaba da tafiya. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na je Funtua na yi ta yawo wajen masu tayoyin gwanjo har na samo ɗaya, na ɗauro ta na kai wa Kawu ina ta washe baki. Ya danna ta da babban yatsa, ya juya ta, ya sake juyawa.

"Wannan ta mota ce, Mannir. Mota a tsaye take shan kwana, babur kuwa sai ya karkata."

Na gyara tsugunno na yi masa bayanin Turawa, har da nuna masa waya. Ya ce Allah ya taimaka, ya koma kan tif ɗin da ke gabansa.

Wani mai walda ya yanka bayan babur ɗin ya buɗa shi, kwana uku yana fama. Abin ya fito kamar akuya da ƙafar raƙumi. A majalisa aka sa mini suna Direba, ni kuma na ɗauka yabo ne. Ranar kasuwa har na sace iskar tayar da gangan na zaga fili sau biyu don jama'a su shaida.

Naƙuda ta zo da hantsi, cikin Agusta, bayan an kwana ana ruwa. Muka hau babur, Raudatu a tsakiya, Gwaggo Ladidi ƙanwar babana a baya tana riƙe da ita. Abin da Turawan ba su nuna mini ba shi ne, da damina hanyarmu ɗan siririn kwari ne da tayoyin babura suka haƙa, faɗinsa bai fi tafin hannu ba. Tayata ta ƙi shiga ciki, sai hawa gefe take tana zamewa. Laka ta cushe tsakaninta da ƙarfen babur. Da muka iso kwanar farko na karkata, babur ya ce bai san zancen ba, muka miƙe cikin masarar mutane. Gwaggo ta dire ƙafa ta tare Raudatu, ni na sha ƙasa.

Tayar dai, a gaskiya, ba ta yi faci ba. Juyawa ce kawai ta daina. Na durƙusa ina ƙwaƙule laka da kara. Raudatu ba ta yi ihu ba, kallona kawai take tana cije leɓe, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai na ji ƙarar tsohon babur ɗin Kawu. Ashe tun da muka wuce gindin bedi ya rufe kwanonsa ya biyo mu. Ko kallon tayar bai yi ba. Ya ce wa Gwaggo ta ɗora Raudatu, suka tafi, siririyar tayarsa na bin kwarin nan sumul.

Sai la'asar na isa Malumfashi, laka har kunne. An haifi mace, uwa da 'ya lafiya, amma ma'aikaciyar asibitin ta ce da an ƙara rabin sa'a da labari ya sha bamban. Na sami Kawu a kan benci, na tsugunna zan yi godiya, sai idona ya faɗa kan hannuwansa. Duk karce ne da huda, wasu sun bushe, wasu sababbi.

Gwaggo ce ta ja ni gefe ta gaya mini. Tun ranar da asibiti suka yi maganar jinin, kullum bayan sallar asuba yake ɗaukar buhu ya bi hanyar nan a ƙafa har titi yana tsince ƙaya. Mako biyar. Mutumin da abincinsa ke cikin faci, shi ya share wa kansa kasuwa. Ko da tsohuwar tayata na fito, babu abin da zai huda ta.

Kunya ta rufe ni, hawaye suka zo. Na koma na tambaye shi me ya sa bai gaya mini ba.

Ya dubi tafin hannunsa, ya ciro wata 'yar ƙaya da farce. "Ka riga ka sayo tayarka kana murna," in ji shi. "Tashi ka wanke jikinka, kada yarinyar ta fara ganin ubanta a haka."