Gidan da Baba Ya Ƙi Mutuwa a Cikinsa

Shekarun baya can, lokacin farin da ya cinye dabbobin ƙasar Damagaram, ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, ta Dogo. Mushe ake ce mini, yadda ake kiran malamin boko da faransanci, ni ma kuwa ina jin kaina. Mahaifinmu fata yake saye, a jeme, yayana ya kai Kano. Tare suka tayar da kasuwancin, tare suka gina gidanmu na Birni. Ni da ƙanena ko fatar akuya ba mu taɓa ɗagawa ba, namu cin tuwo ne.

A shekarar fata ta yi yawa har ta ba da tausayi, duk ta dabbobin da yunwa ta kayar, ba ƙwari, ba mai saye. Yayana ya dawo daga Kano a bayan kamyo, babbar motar kaya, da zazzaɓi, kafin mu ankara ya rasu. Ya bar mace da 'yan mata biyu ƙanana.

Baba bai yi kuka a gabanmu ba. Yayana ɗan fari ne, ko sunansa Baba bai taɓa kamawa ba, "wancan" yake ce masa, kuma kunyar ta shafi har 'ya'yansa, ba ya ɗaukarsu, ba ya wasa da su. Bayan sadakar arba'in ya ce in raka shi wurin alƙali. Tambayarsa ɗaya: in ya mutu, me 'ya'yan wancan za su samu?

Alƙali ya ce, "Alhaji, jika ba ya gado muddin akwai ɗa namiji da rai. Kana iya yi musu wasiyya, amma ba ta wuce sulusi."

"Sulusin me, Allah shi gafarta Malam? Fata ta mutu, gonar Gafati ko kara babu. Gidan ne kawai. In aka raba shi, sai sun fita."

"To ka ba su kyauta tun kana da lafiya. Sai dai gidan da kake kwana ciki ba ya kyautuwa da baki. Sai ka fita, uwarsu ta karɓa musu gaban shaidu. In ka koma kafin shekara ta zagayo, ka rasu a ciki, kyauta ta ɓaci, gida ya koma gado."

A hanya na shiga kawo dabara, wai a yi takarda, a buga hatimi, ya ci gaba da zamansa. Baba ya ce, "Mushe, ba da faransanci aka yi maganar ba, ka ji ta sarai."

Ya tara maƙwabta, ya miƙa wa matar yayana makulli, ya koma ɗakin ajiyar fatu da ke bakin majema. Wanda ya taɓa bi ta majema ya san warin da nake nufi. Inna ta ce, "Alhaji, da tsufana za ka kai ni in kwana da ƙirgi?" Ta yi mitarta ta ƙoshi, sannan ta naɗe tabarmarta ta bi shi. Ƙanena kuwa ya yi fushi ƙwarai. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma da yara, a gidan haya, ga gero ya gagari kowa.

Shekara ba ta zagayo ba ciwo ya kwantar da Baba. Zafin bazara, ɗaki ba taga, ƙudaje kamar a mahauta. Na zo daga Dogo na gan shi, zuciyata ta karye. Na ce, "Baba, don Allah mu mai da kai gida. In ka ji sauƙi sai ka dawo."

Ya ce, "In ban ji ba fa?"

Matar yayana ma ta zo, ta durƙusa a bakin ƙofa tana kuka. "Baba, ku dawo, ai gidanku ne." Ya ɗaga kai da ƙyar ya ce, "Ba nawa ba ne. Kada ki ƙara faɗin haka gaban mutane."

A ɗakin nan ya cika, kafin ruwan farko. Na daɗe ina jin haushinsa, ina ganin taurin kai ne ya hana mu yi masa jinya irin wadda ta kamace shi.

Ranar rabon gado ƙanena ya ce a sa gidan Birni a ciki. Alƙali bai ja magana ba, ya tambayi majema da suka zo, "A ina Alhaji ya rasu?" Suka ce a ɗakin fatu, su suka fito da makararsa. Ya ce to gida na marayu ne. Mu muka raba ɗan abin da ya rage, ba a daɗe ba aka tashi.

Yanzu da furfura ta kama ni, na ga gidaje da shaguna da yawa sun watse saboda mai su ya ce "ai 'ya'yana sun san nufina." Nufi ba ya tsayawa gaban alƙali. In kana da wanda gado ba zai kai gare shi ba, ka tambayi masana tun ƙafarka na ɗaukarka, kuma ka yarda abin zai ci maka wani abu.

Abin da har yau yake ci mini rai daban ne. Ƙaramar 'yar yayana ta girma a gidan, ta aurar da 'ya'yanta a cikinsa. Bara muna zaune a zaure ta ce, "Baffa, na daɗe ina son in tambaye ka. Me muka yi wa Kaka? Babanmu na rasuwa ya kwashe kayansa ya bar mu, ko da yana ciwo ya ƙi dawowa."

Duk mun ɗauka wani ya faɗa musu dalili. Ashe ba wanda ya faɗa.